Ranar da Inna Ta Shiga Jirgin Baƙi

Ni ce 'yar fari a ɗakinmu, kuma duk wanda ya tashi a ƙauye ya san abin da hakan ke jawo wa mutum. Inna ba ta taɓa kiran sunana ba. Ba ta taɓa jawo ni jikinta a gaban mutane ba, ba ta taɓa kallona ido da ido ta ce sannu da aiki ba. Ana yaye ni kakata ta wajen uba ta ɗauke ni, a ɗakinta na yi wayo. In Inna tana nemana sai ta ce, "A ce wa waccan ta zo." Sai da na fara koyarwa a firamaren garinmu ta samu mafita, ta koma ce mini Malama kamar yadda mai kayan miya yake ce mini. Kunyar ɗan fari ce, na sani, har koyar da ita na yi a aji. Ban dai taɓa daina jin zafinta ba.

Autarmu kuwa, da aka haifa ina gab da aure, Inna ta goya ta har ƙafarta tana jan ƙasa. Sunanta tun asuba ake jin sa a gidan, da kirari a kai. Ta yi karatu har jami'a, ta samu aiki a wani ofishin kula da dazuzzuka a birnin Kano. Ni kuwa, da maigidana ya rasu na dawo gida, ɗakina yana kallon na Inna. Ni ke dafa mata ruwan wanka, ni ke tuna mata maganin hawan jini, ni ke yanke mata farce tana kallon bango kamar ƙafar ba tata ba ce. Auta takan zo ƙarshen wata da ledar lemo da gwangwanin madara, ta yi wuni guda ta koma. Wannan lemon sai ya yi mako yana yawo a bakin Inna, duk wanda ya shigo gaisuwa sai ya ji labarinsa.

Garinmu yana cikin waɗanda aka tasa lokacin da ruwan Tiga ya cinye tsofaffin ƙauyuka. A goye aka fito da ni, ban san komai ba. Abin da na sani na tsohon gari daga bakin maza na tsince shi, da kuma masunta da kan ce in ruwa ya ja baya sosai ana ganin kan wata kuka. Inna ba ta taɓa ba ni labarinsa ba, don labarinta a can na amarci ne da haihuwar fari, ni kuwa ni ce haihuwar.

Wata shekara, cikin zafin bazara, Auta ta zo ba ƙarshen wata ba. Ta ce ana wani babban taro a birni na masu kare daji da ruwa da namun dawa, mutane daga ƙasashe dabam-dabam. In an gama surutu a zauren taro za a fita da su yawon buɗe ido. Rana ɗaya dajin Falgore su ga birai, su wuce duwatsun Riruwai. Rana ɗaya kuma Tiga, a shiga jirgi a kalli tsuntsaye, a ci abincin rana a gidan mutanen da ruwa ya tasa, a ji tarihi daga bakin wanda ya gani. Ita aka ɗora wa shirya ta Tiga, ta kuma zaɓi gidanmu.

"Inna za ta shiga jirgin ta nuna musu inda garin yake," in ji ta, "ni zan riƙa fassarawa."

Na ɗauka Inna za ta ce a kai kasuwa. Matar da ko bakin ruwa ba ta zuwa tun da muka yi wayo. Sai na ga tana murmushi tana tambayar wane zane za ta ɗaura.

Na ce, "To ni fa?"

Auta ta ce rigunan ruwa da aka ba su a ƙirge suke, kowa da tasa, ba a shiga jirgi sai da ita. Na ce Turancin nan ai ba a kanta aka saukar da shi ba, nawa na aji uku ne amma yana kai saƙo. Muna cikin haka Inna ta yi magana, fuskarta tana wajen Auta kamar kullum.

"A bar Malama ta ji da abinci. Hannunta ya fi."

Auta ta ce, "Kin ji ko, Yaya, yabonki ake." Ni dai abin da na ji shi ne an sallame ni zuwa madafa. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Ana gobe baƙi za su zo Auta ta iso da tukunyar gas sabuwa fil da ta aro, ta kafa ta a tsakar gida inda kowa zai gani. Ta ce don Allah kada baƙi su ga itace, mutanen nan a kan sare bishiya suke taron. Na tambaye ta ko ta taɓa ganin an tuƙa tuwon mutum cikin mota guda a kan wannan abu mai kama da fitila. Ƙarshe dai muka ɗora butar shayi a kan gas ɗin don ado, muka kafa murhuna uku a bayan zana, muka hura itacen da ban tambayi mai shi daga wane daji ya saro ba. Maƙwabta biyu suka kama mini. Tuwon shinkafa miyar taushe, dambu da zogale, karfasa da aka kamo da safe, ga fura da nonon da na aika ruga aka kawo.

Da hantsi motarsu ta tsaya a bakin ruwa. Na bar kifi a hannun maƙwabciya na ce zan je in ga ko an kawo ƙanƙara, alhali ƙanƙarar tana gida tun safe. Na tsaya a gindin wata ɗorawa ina kallo. Akwai Turawa 'yan kaɗan da suka shafa wani farin abu a hanci, akwai mutanen kudu, akwai wasu dogaye da aka ce daga gabashin Afirka suke. Kowa da madubin hangen nesa a wuya. Wani zalɓe ya tashi daga cikin ciyawa, sai ga manyan mutane masu furfura suna nuna shi suna raɗa kamar sun ga jinjirin wata. Zalɓen nan kullum yana wurin, yaran garinmu ko jifansa sun gaji da yi.

Ba su na zo kallo ba. Inna na zo gani, cikin zanen saƙinta na biki da ta yi shekaru ba ta fito da shi ba, Auta tana ɗaura mata rigar ruwa mai ruwan lemo a kai. Ta riƙe hannun Auta ta taka cikin jirgi. Da jirgin ya yi tangaɗi ta kama kafaɗarta tana dariya, irin dariyar da ban taɓa samu ba ko da kuskure. Aka tada inji. Na tsaya har rigar ta zama ɗigo a kan ruwa, sannan na koma na tarar kifin farko ya ƙone. Na huce a kan maƙwabciyar, baiwar Allah.

Sai bayan azahar suka dawo, rana ta gasa su. Aka shimfiɗa tabarmi a ƙarƙashin darbejiya. Suka ci, suka ƙara, wani Bature ya yi ta fama da tuwo da cokali har aka nuna masa hanya. Wata ta ɗauki hoton tukunyar gas. Shugabansu ya miƙe ya yi godiya, ya ambaci Auta aka tafa, ya ambaci Inna aka tafa har ta rufe fuska da mayafi. Abinci kuma aka ce a gode wa matan gari. Ina bayan zana ina kankare ƙanzo, ni ce matan gari.

A nan wata daga cikin baƙin ta same ni tana neman ruwan alwala. Dattijuwa ce fara, da tabarau, ta yi sallama da Hausa irin ta mutanen Damagaram. Ta ce can take aikin dashen itatuwa. Na zuba mata ruwa a buta, amma ba ta tafi ba, ta tsaya tana kallona.

"Ke ce ta farin?"

Na ce ni ce.

"Na gane ki da goshin, irin na mahaifiyarki ne. To ke ce mai lallen."

Na ce wane lalle? Da alama ta gane ban san zancen ba. Ta so ta bar shi. Na ajiye tukunya na ce, "Hajiya, don girman Allah, tunda kin fara ki ƙarasa."

Ta zauna a kan turmi. Ta ce da suka kai tsakiyar ruwa mai jirgi ya kashe inji, Inna ta duba duwatsun gabas, ta duba wani tsibiri, ta nuna ta ce nan ne. Wani ya tambaye ta itatuwan da ke garin. Ta lissafa musu kuka da kanya da tsamiyar bakin kasuwa da ɗorawar da ake sussuka a gindinta, suna ta rubutawa. Sai wata ta ce, a cikinsu duka wanne ta fi jin rashinsa. Kowa ya zaci kukar za ta ce.

"Sai ta ce wani ɗan icen lalle ne, bai fi tsayin ƙugu ba. Ta ce da ta yi haihuwar fari a gidan iyayenta, a bayan ɗakin uwarta aka binne cibiyar. Kafin ta gama wanka ta samo reshen lalle ta kafa a wurin, ta ce wa mutane na ƙunshi take so. Ta ce, yarinyar ba ni da ikon yi mata wasa a gaban mutane, ko kallonta na cika yi sai a ce ba ni da kunya. To sai na koma yi wa icen. In na ce zan je gaida tsohuwa, shi nake zuwa dubawa. In ba shi ruwa, in cire masa ciyawa, in zauna in yi masa magana."

Na ce, "Sai me?"

"Ranar tashi motoci suka zo. Ta so ta tono shi, amma gidan cike yake da mutane, kuma kowa ya san abin da ke ƙarƙashinsa. Ta kasa. Ta ce ta ɗauki tukwane, ta ɗauki tabarmi, har da muciya, ta bar shi a tsaye. Ba ta yi kuka ba da take faɗa, mu ne muka yi."

Ta ɗauki butarta ta tafi. Na bi ta da kallo, ban ko ce na gode ba.

Zan so in ce daɗi ne ya fara zuwa mini. Ya zo, amma a baya ya biyo. Abin da ya fara taso mini kishi ne, mai ɗaci. Shekara da shekaru ina kishi da Auta, na saba da shi kamar ciwon gwiwa. Ranar sai ga ni ina kishi da mutanen da ba su san sunana ba, masu farin abu a hanci, da mai jirgi, har da icen lalle da ya ruɓe a ƙarƙashin ruwa tun ina goye. Shi an yi masa magana. Na kuma san sarai da ina cikin jirgin da Inna ba ta buɗe baki ba, da kukar za ta ce a wuce wurin. Sanin hakan bai rage mini komai ba.

Da la'asar suka hau mota, gobe Falgore. Baƙo raɓa ne. Na leƙa ɗakin Inna da maganinta, na same ta ta cire zanen saƙin tana ninkewa. Na tsaya a bakin ƙofa fiye da yadda na saba. Ta karɓi maganin da ruwan, ta sha, ta miƙo kofin ba ta ɗago ba. Ba zan iya tambayarta ba, ita ma ba za ta iya amsawa ba, in na matsa sai in ɓata abin da ta yi shekara hamsin tana rufewa. Na karɓi kofin na fita.

Auta ba ta bi motar ba, sai da safe za ta same su a Tudun Wada. Na tarar da ita a tsakar gida tana cire kan tukunyar gas za ta mayar wa mai ita. Na zauna kusa da ita, abin da ban cika yi ba.

"An ce Inna ta yi zancen wani lalle."

Ta ɗago da sauri. "Wa ya faɗa miki? Ai ta ce kada in kawo miki zancen."

"Ba ke kika kawo ba. Ni dai so nake ki faɗa mini yadda ta faɗa. Daga farko, kalma bayan kalma. Da ta zo kaina me ta ce, yarinyar ta ce ko 'yata? Ina take kallo?"

Auta ta juya ƙarfen da ke hannunta. Na ga tana ƙoƙarin tunawa da gaske, wannan kam ba zan ci haƙƙinta ba.

"Wallahi Yaya ban riƙe ba. Hankalina yana kan fassara, ina ta neman yadda ake cewa lalle da Turanci. Ga wani can yana ta miƙewa tsaye zai ɗauki hoton dinya, ina tsoron kada ya kifar da mu. Na dai san ta yi maganar."

Na dube ta, ta ci gaba da kwance tukunyarta. A kunnenta aka zuba abin da na yi rayuwata ina jira, ta bar shi ya zube a ruwa tana neman sunan lalle. Da ni aka ba, ko tarin da Inna ta yi a tsakiyar maganar da ban yar ba.