Gurbin Baffa Jaɓɓo

"Shanu tamanin? Ni?" Inna Hajo ta riƙe baki. Awaki uku gare ta duk duniya.

Ni na rubuta wa ƙungiyar makiyayanmu ta Filinge porogaram ɗin kwamfuta na raba allurar dabbobi. Sunaye jeri guda, yawan dabbobi jeri guda. Ashe kayan aikin da na ɗauko a intanet, in ya tarar da gurbi babu komai, sai ya share shi, lambobin da ke ƙasa da shi su matso sama. Kowa ya gaji dabbobin maƙwabcinsa, mai garke ya tashi da allura uku.

Gurbin Baffa Jaɓɓo ne babu komai. Na same shi ranar kasuwa.

"Baffa, don me ba ka faɗi yawan shanunka ba?"

"Ɗana, ba mu ƙirga su, albarka ke gudu. Amma zauna in kira maka sunayensu."

Yana kira ɗaya bayan ɗaya, ina lanƙwasa yatsu cikin aljihu. Ya gani sarai, ya kawar da kai.

'Yan'uwa masu wannan aiki, kafin ku share gurbi, kuna tambayar ko na wane ne?