Danshi a Ƙwaƙwalwar Waya

A shagon mai gyaran waya na gan ta, wata doguwar dattijuwa mai gilashin ido da aka ɗaure ƙafarsa da zare. An tura mata kujera, ta ƙi zama. Idonta na kan wani ɗan baƙin abu, bai kai farce ba, da mai gyara ya ɗago da hantsaki. Ƙwaƙwalwar wayarta ce.

"Mama, danshi ne ya daɗe da shigarta," in ji shi. "Da na sa mata zafi sai ya zama tururi, ya ɓamɓare rufin daga jikinta."

"To ka manna mana, ɗana. Ba ka da gam?"

"Siraran wayoyin cikinta ne suka tsinke."

"Muryarsa ce a ciki. Ba ni da ita a ko'ina."

Ba ta faɗi muryar wa ba, amma ina zaton mai ita ba ya duniya. Ta karɓi abin a tafin hannu, tana hura masa iska a hankali, tana gogewa da bakin mayafi, sannan ta miƙa wa mai gyaran.

"Yanzu ta bushe. Don Allah ka sake gwadawa."