Rakiyar Yaya Isufu Zuwa Maraɗi Karo Na Biyu

Litinin

Mun bar garinmu ƙarfe biyar da rabi, bayan sallar asuba, a amalanke zuwa tashar Gabi. Yaya Isufu yana zaune bisa tabarma, hannunsa kan ƙullutun da ke saman cibiyarsa. Ƙaba ce, kuma bara aka yi masa aikinta. Lokotoro ya ce wata uku kada ya ɗauki kaya mai nauyi. Ni na ce mu ɓoye, kada a riƙa yi wa gidanmu dariya a majalisa. Muka ce ganin gwaggo ya je. Da kaka ta yi ba shi da hujjar zama, ya ɗauki dammunan gero tare da kowa, ina kallo ban hana shi ba. Ɗinkin ya saki. Laifina ne, Allah ya yafe mini.

Ƙarfe takwas muka wuce Madarunfa, jandarmomi suka duba takardunmu. Tara da kwata muna likita, wato asibiti, a Maraɗi.

Laraba

An shiga da shi ƙarfe goma, aka fito sha biyu saura. Lokotoro ya ce wannan karon sun sa wani ɗan raga daga ciki don ya riƙe wurin. Sai ya dube ni.

"Wa ya bar shi ya yi aikin ƙarfi?"

"Ni ne."

"In ya sake saki, gyaransa zai yi wuya."

Washegari Yaya ya sha kunu ludayi uku, na riƙe shi muka taka zuwa bakin ƙofa muka dawo.

Asabar

Aka sallame mu da hantsi. Bayan Madarunfa da kamar kilomita bakwai, inda gudron, wato kwalta, ya ƙare, mota ta kafe cikin rairayi. Maza duk suka sauka turi. Direba ya leƙo ya ga Yaya zaune tsakanin mata.

"Kai mai farin gemu, sarki ne kai? Ko sai an buga maka tambari?"

Aka yi dariya. Na ga Yaya ya dafa kujera zai miƙe. Na kama kafaɗarsa, na faɗa da ƙarfi yadda kowa zai ji, har da mutum biyu 'yan garinmu.

"Aikin ƙaba anka yi mishi shekaranjiya waccan. Ba ya turi. Ni in tura nashi da nawa."

Direba ya ɗaga rigarsa, ya nuna wani tsohon tabo a gefen mararsa.

"Baba, yi zamanka. Nawa shekara shida ke nan."

Daga nan har Gabi a hankali yake bin kowane rami.

Mun iso gida da la'asar. Maƙwabta suka zo sannu da zuwa, suna tambayar lafiyar gwaggo. Na ce ba wurinta muka je ba, na faɗa musu gaskiya, ta bana da ta bara. Maƙwabcinmu Malam Sani ya ce geron Yaya su za su kai rumbu. Na gode musu, na gode wa direban nan da ban tambayi sunansa ba, na gode wa Allah.