Ranar da Muka Kai Yaya Gwajin Ƙwallon Kwando

Muna idar da sallar asuba muka kama hanya, mu uku: ni da Yayana da Kawu, ƙanen Inna. Kano muka nufa, inda wata ƙungiyar ƙwararrun 'yan ƙwallon kwando take gwada sababbin 'yan wasa a ranar Asabar ɗin. Ni aike ne ya sa aka haɗa da ni, domin Inna ta ƙulla wa Goggo da ke can Kanon sabon gero da kuka da 'yar daddawa in kai mata. Amma tun a ƙofar gida Yaya ya miƙo mini ledar takalmansa ya ce in riƙe. Wata uku ya yi yana neman gwanjon da zai shiga ƙafarsa, shi ya sa ba ya yarda ya taka ƙasa da su sai a fili.

Ga wanda bai san gidanmu ba, Yaya dogo ne, irin tsawon da babu ƙofar da ba ya sunkuya mata a garinmu. Ya koyi ƙwallon ne a sakandare, lokacin da wani ɗan bautar ƙasa ya lanƙwasa rodi ya yi kwando ya kafa musu a jikin gungume. Da yake 'yan wasan ba su da yawa, kowa yana yin komai. Baba kuwa magini ne, ginin ƙasa. Tun Yaya yana ɗan shekara goma sha biyu shi ke tsayawa a gindin katanga yana jefa wa Baba tubali. Shekarun nan rumbunmu ba ya kaiwa damina, saboda haka Baba ya yanke magana: Yaya ya je ya gwada sau ɗaya. In ba a ɗauke shi ba, ana gama yankan dawa zai ajiye ƙwallo ya bi Kawu cirani kudu. Duk mun san haka, amma babu wanda ya tayar da zancen a hanya.

Da ƙafa muka ratsa gonaki zuwa bakin titi. A wajenmu gona tana manne da gona, ba ka ganin fili a banza, sai siririyar hanya da raɓa ke jiƙa wa mutum ƙafa. An riga an kwashe gero, dawa ce ta rage, kawunanta sun sunkuya. Na lura bana daga tsawon kara za ka gane wanda ya samu taki da wanda bai samu ba. Wata gonar karanta ya wuce kan Kawu, maƙwabciyarta kuma iya kafaɗata. Yaya ne kaɗai yake hango abin da ke bayan kowace.

A tashar Ɗambatta muka sayi ƙosai. Ƙosan ya ƙanƙance sosai, har Kawu ya tambayi mai tuyar ko da cokalin shayi take sakawa. Kuɗin mota ma ya wuce ninkin abin da muka biya a zuwana na ƙarshe. Kwandasta ya dubi Yaya tun daga ƙasa har sama ya ce, “Dogo, kai kuɗin mutum biyu ne, ƙafafun nan ma fasinja ne.” Aka yi dariya, direba ya ba shi gaba, gwiwoyinsa suka tokare gilashi. Wata tsohuwa da ke kusa da ni ta leƙa shi ta ce, “Ɗan nan, a wannan tsadar wa yake iya ciyar da kai?” Nan ma aka yi dariya. Yaya ya yi murmushi kawai ya juya yana kallon titi.

Titin bai cika da motoci kamar da ba. Kekuna sun yi yawa, da amalanken shanu, da mutane a ƙafa ɗauke da kaya a ka. Duk inda aka zo gangara sai direbanmu ya kashe mota ta gangara da kanta, sai ka ji shiru, har kukan kajin da aka ɗaure a but ɗin motar kana ji. A cikin wannan shirun Kawu yake ba Yaya shawara daga bayansa. Ya ce shi ya ga wasan nan a talabijin a kudu, kuma abin da ake so da dogo shi ne tsawonsa. Ya je ya tsaya ƙarƙashin kwando, kada ya motsa, kada ya yi rawar kai irin ta ƙauye, gudu aikin gajeru ne. Ya maimaita wannan magana a Dawanau, inda manyan motocin hatsi suka tsare mu kusan rabin awa, ya sake maimaitawa a cikin adaidaita. Yaya yana ta cewa, “To, Kawu.”

Da hantsi muka isa. Filin siminti ne mai santsi, an zana masa layuka, kwandunansa har da raga. Ban taɓa zaton akwai dogaye haka a duniya ba. A garinmu Yaya abin kallo ne, a nan kuwa na ƙirga shida da suka kai shi, biyu sun ma ɗara shi, kuma kowannensu ya yi biyunsa a kauri. Na ga ya tsuguna yana ɗaure takalmi, ya kwance, ya sake ɗaurewa. Ni da Kawu muka samu benci a inuwa. Mata ba su fi biyar ba a wurin, na ja hijabina na takure a ƙarshen bencin.

Kocin wani baƙin mutum ne mai furfura a gemu, ba shi da tsawo sosai. Yana riƙe da takarda, biro a maƙale a bayan kunnensa. Aka raba samarin biyar-biyar aka hura usur.

Yaya ya yi abin da aka ce masa. Ya je ƙarƙashin kwando ya tsaya kamar an kafa shi. Wani ƙato mai jar riga ya sa masa kafaɗa ya ture shi gefe, ya sake ture shi. Sau biyu ƙwallo ta zo hannunsa, kafin ya ɗaga mutum uku sun rufe shi. Kawu yana ta cewa, “Ya tsaya da kyau, ka ga tsayuwa.” Ni kuwa ban iya kallon Yaya ba, sai na koma kallon kocin.

A nan na ga wani abu. Duk lokacin da ƙaton nan ya yi tsalle ya cusa ƙwallo cikin kwando, 'yan kallo suna tafi, amma biron yana nan a bayan kunne. Sai da wani dogo siriri ya fito can waje ya karɓi ƙwallo ya miƙa wa gajere, sannan biron ya sauko. Da wani ya juyo da gudu ya riga kowa komawa ya tare gida, biron ya sake saukowa. Na ci gaba da kallo don in tabbatar. Har aka hura usur na hutu bai rubuta komai a kan wanda ya tsaya wuri ɗaya ba, kuma ko sau ɗaya bai dubi Yaya ya taɓa kunnensa ba.

Ni ba mai magana ba ce. A aji ko na san amsa ba na ɗaga hannu. Yaya yana zaune can ɗaya gefen, kuma babu hanyar zuwa wurinsa sai ta gaban samarin nan duka. Na tuna motar kudu da ke tashi daga Ɗambatta cike da samari da buhuna, sai na ji na miƙe. Na ɗauki ruwan leda biyu na tafi ina kallon layin da aka zana a ƙasa har na iso.

Na ce, “Yaya, mutumin nan ba ya rubuta tsayuwa.”

Ya ɗago. “Me yake rubutawa?”

“In dogo ya fito ya ba wani. Ko in ya yi gudu ya koma. Ka yi musu irin na tubali mana.”

“Kawu ya ce in tsaya.”

Na waiwaya na ga Kawu yana cinikin rake. Na rage murya na ce, “Kawu bai taɓa riƙe ƙwallo ba.” Ban taɓa faɗar irin wannan magana a kan babba ba. Yaya ya tsura mini ido, sai dariya ta ƙwace masa, karo na farko tun asuba.

Wanda bai taɓa ganin ginin ƙasa ba ba zai gane ba. Magini yana zaune a kan katanga, idonsa a kan aiki, hannu kawai yake miƙowa. Mai jifa dole ya sa tubalin ya isa daidai tafin hannun, a daidai lokacin, ba da ƙarfin da zai fashe ba, ba da sanyin da zai dawo ba. Shekara bakwai Yaya yana yin haka.

Da aka koma, ya bar ƙarƙashin kwando ya fito waje. Ƙaton nan ya yi turus, ya rasa ko ya bi shi ko ya zauna. Da ya biyo shi sai ƙarƙashin kwandon ya zama fili. Wani gajere ya shige da gudu, Yaya ya cilla masa ta saman kawunan mutane, ta sauka a hannunsa kamar an ajiye masa, ya zura. Biro ya sauko. Da ƙaton ya ƙi fitowa, Yaya ya jefa daga nesa. Ta farko ta daki ƙarfe ta dawo, ta biyu ta shiga. An ƙwace masa ƙwallo sau ɗaya, ya bi yaron da gudu har ya cim masa ya kaɗe ta. Kawu ya cire rake daga baki ya ce, “Yaron nan ba ya jin magana.”

Bayan azahar kocin ya tara su. Ya ce dogayen da suka iya tsayuwa yana da su, kuma yana ganin girmansu. Amma motar ƙungiya ɗaya ce, tukunyarta ma ɗaya, a wannan zamani ba zai iya ɗaukar mutum uku don aiki uku ba. Dogon da zai tare ƙato, ya bi gajere, ya fito ya raba ƙwallo, shi ne yake sa sauran huɗun su samu sarari. Sannan ya karanta sunayen waɗanda za su dawo sansanin horo na wata ɗaya. Sunan Yaya ne na huɗu. Ba a ɗauke shi ba tukuna, an dai ce ya dawo.

Mun biya gidan Goggo muka sauke saƙo. Ta yi mana gurasa da ƙuli, ta ce Yaya ya ci tawa ma tunda ni na kasa ci. A motar dawowa Kawu ya ba fasinjoji labari tun daga farko, har da yadda shi ne ya ce wa yaron ya saki jiki. Ina riƙe da ledar takalman ina tunanin yadda abin da Yaya yake ɓoyewa don kada a ce masa ɗan ƙauye shi ne abin da aka rubuta. Na kuma ga cewa kallon da nake yi shiru-shiru yana da amfani, amma da na zauna a bencin nan da babu abin da zai amfana.

La'asar sakaliya muka shiga gida. Baba yana kan katangar bayan gida da damina ta kayar, yana gyara shi kaɗai, yana sauka yana ɗaukar tubali yana hawa. Kawu ya ba shi labari daga ƙasa. Baba ko juyowa bai yi ba. Can sai ya miƙo hannu gefe. Yaya ya naɗe hannun riga ya ɗauki tubali ya jefa, ya sauka a tafin Baba.

Baba ya ɗora shi ya danna, ya sake miƙo hannu ya ce, “To, sai mu yi sauri mu gama ta kafin ka tafi.”