Taku Dubu da Ɗari Biyar

Ranar wata Laraba ce cikin watan Afrilu na 1994, zafi ya kai inda ko ƙadangaru sun sauka daga kan katanga, Mushe Lawali ya shigo ajinmu na shida rungume da balon da maza ke bugawa a fili. A lakwal ɗinmu, wato makarantar boko ta unguwar Zariya a Maraɗi, kowane malami namiji Mushe muke ce masa, amma shi kaɗai ne ba ya riƙe bulala, shi ya sa muka ɗan raina shi, muka kuma so shi ƙwarai. Ya ce kowa ya rufe littafinsa ya fito. Ya ajiye balon a gindin bishiyar bedi, ya ce, "Wagga ita ce rana." Da Hausa ya faɗa, abin da in mu muka kuskura muka yi a aji sai an rataya mana ƙashi a wuya har a tashi. Ya sa hannu a aljihu ya ciro ƙwayar gero guda, ya ɗora a tafin wata yarinya, ya ce ta yi taku arba'in ta tsaya. Da ta tsaya ya ce ga duniya nan, da Maraɗi, da Makka, da kakanninmu duka, a kan ƙwayar geron. Muka fashe da dariya, shi kuwa ko murmushi bai yi ba.

Ya ci gaba da rabo. Jufiter, babbar cikin duniyoyin da ke zagaya rana, ɗan kanya ne, taku ɗari biyu, sai da mai riƙe da shi ya fita ƙofar lakwal ya tsaya kusa da mai sayar da ƙanƙara. Sauran bai aika kowa ba, a allo ya rubuta su, don ya ce filin ya yi mana kaɗan. Ta ƙarshe sunanta Fuluton, ƙwayar rairayi ɗaya ce, taku dubu da ɗari biyar, kuma kafin ta zagaya rana sau ɗaya mutum ya tsufa ya mutu, jikansa ma ya bi shi. Wani yaro ya tambaya, to taurarin da muke gani fa, can garin Tibiri za a ajiye su? Mushe ya ce mafi kusa a cikinsu, a wannan ma'aunin, sai ka yi kusan tafiyar zuwa Makka da dawowa kafin ka iske balonta, kuma tsakani babu komai. Wannan "babu komai" ya tsaya mini a rai har muka koma aji.

Mako bai zagayo ba malamai suka shiga yajin aiki. Shekarun nan haka suke: yau lakwal a buɗe, gobe a rufe, manya suna zaune a ƙofar gida da rediyo a kunne suna gardamar jam'iyyu, har maƙwabta biyu da suka shekara ashirin suna cin tuwo a kwano ɗaya suka daina gaisawa saboda launin tuta. Mu yara daɗi muka ji. Da safe in na ɗebo ruwa a famfo na cika randuna biyu, na share tsakar gida, na taya innata surfe, sai in sulale. Muka gaji da carafke da 'yar gala-gala. Ni ce na kwafe lissafin Mushe daga allo kafin a goge, yayana kuma yana da balo, saboda haka na ƙirƙiro wasan duniyoyi, na kuma naɗa kaina rana. Ina zaune a inuwar zaurenmu da balo a cinya, kowa ya karɓi ƙwayarsa ya ƙirga takunsa, in na tafa su fara zagaye, na kusa da gudu, na nesa a hankali. Wanda ya yar da ƙwayarsa ya fita. Ba wanda zai bar wurinsa sai rana ta kira shi, ko ta aika a kira shi. Dokar da na fi fahariya da ita ita ce wasanmu na gaskiya ne, ba irin shirmen ƙananan yara ba.

A nan Cima ta shigo. 'Yar Jiratawa ce, ubanta manomi ne a fadama, ya kawo ta wurin gwaggonta mai sayar da ganye don ta yi karatu a birni. Siririya ce, ƙafafunta duk faso, zanenta ɗaya. An ce gidansu har lokacin suna yanka wa iskoki baƙin akuya kafin shuka, don haka muke kiranta 'yar arna, wasu ma ba sa shan ruwa a moɗar da ta sha, ko da yake tana salla tare da mu. Wannan duk bai dame ni ba. Abin da ya dame ni shi ne tun zuwanta ban sake yin ta ɗaya a aji ba. Ni Rakiya, 'yar mai kanti a Sabon Gari, mai takalmi da jaka, a ce yarinyar da ke rubutu da guntun fensir kamar ɗan yatsa ta wuce ni? Na tsane ta, ba na ɓoyewa, kuma abin haushin ita ba ta ma sani ba. Kullum tana tsaye a bakin lungu da tiren ganye a ka tana kallonmu, ba abin da take so a duniya kamar a ce mata ta zo ta shiga.

Ƙawata Habsu ita ce Jufiter, kuma don kada ta yi mini nisa mu kasa hira, na tsayar da ita a bakin famfo, taku tamanin da wani abu. Wata safiya Cima ta sauke tirenta, ta taka daga zaurenmu zuwa famfo tana motsa baki, ta dawo ta ce a gaban kowa, "Rakiya, wanga bai kai ba. Mushe ɗari biyu ya ce." Ba da gatse ta faɗa ba, ta ɗauka taimakona take yi. Yara suka sa mini ihu, rana ta yi coge. Na ji kunya ta rufe ni har wuya, amma na yi murmushi, na ce tunda ta iya ƙirga haka, akwai gurbi ɗaya da ba mai riƙe da shi. Na duƙa na lakato rairayi da yatsa, na zaɓi ƙwaya ɗaya na sa mata a tafi. Yadda fuskarta ta washe, ka ce zobe na ba ta.

Taku dubu da ɗari biyar daga ƙofarmu yana kai mutum bayan gidajen ƙarshe na unguwa, wani fili da ake zubar da shara, ba itace ko ɗaya sai tumfafiya da ledoji. Da wani ne, da ya sha kwana ya zauna a inuwa ya ce ya kai. Cima ba ta rage taku ko ɗaya ba. Ta kan kai wa gwaggonta tire da wuri, ta zo ta karɓi ƙwayarta, ta tafi tana ƙirgawa har ta ɓace mana, in mun gaji na aika ƙaramin cikinmu ya kira ta. Ranar farko ta dawo da gumi har gwiwa tana murna, tana ba mu labari: daga can ba a ganin balon sam, ko ni ba a gani, sai dai ta san muna nan. Ta ce ashe gaskiya Mushe ya faɗa, tsakani babu komai. Ita kaɗai ce a cikinmu ta fahimci abin da ya koya mana, mu kuwa muna ƙyafta wa juna ido muna danne dariya. Kwana shida muka yi haka, kullum ina ƙara jinkirta kiran, don in ga ranar da za ta yi fushi ta bari. Ba ta bari ba.

A rana ta bakwai wani babban ɗan siyasa ya shigo gari. Da hantsi muka ji kalangu da oda, motoci cike da matasa suna ɗaga tutoci, ana watso huluna da alewa. Duniyoyi suka watse, kowa ya yar da ƙwayarsa ya bi ayari. Na cilla balon cikin zaure zan ruga, Habsu ta riƙe mini hannu ta ce, "Cima fa? A aika a kira ta." Ba mantawa na yi ba, kada wani ya yi mini wannan uzurin. Na tsaya na yi tunani, na ce, "Bar ta. Fuluton ba ta sauri." Muka bi motoci har filin taro, na samo hula, na sha rawa, na dawo gida na ci ɗanwake na yi barcin rana.

Bayan la'asar wani mai amalanke da ya je zubar da shara ya tsince ta a kwance kusa da tumfafiya, leɓɓanta sun tsage, tafin ƙafarta ya yi bororo don rairayin wurin ya fi ƙarfin silifas ɗinta da ya tsinke. Ya ce da ƙyar ya buɗe hannunta, ya ɗauka kuɗi ta damƙe, ya ga ba komai. An kai ta asibitin unguwa aka ƙara mata ruwa. Gwaggonta, da ta yini tana nemanta, ba ta jira ta warke ba, a kan tabarmar jinya ta zabga mata mari, ta kuma aika Jiratawa. Innata ta tambaye ni ko na san abin da ya kai yarinyar mutane juji da tsakar rana, na ce wasa muke, kowa ya tashi ita ta ƙi tashi.

Kwana uku bayan haka ubanta ya zo. Dogo ne, baƙi, da ƙasar fadama a ƙafarsa, bai yi faɗa da kowa ba. Ya tsaya a ƙofar gidan ƙanwarsa ya ce, "Karatu na kawo ta. Karatun babu, sai a gasa mini ɗiya a rana? Gara ta tahi ta tsare mini zogale." Muna tsaitsaye a lungu muna kallo ya ɗora ƙullin kayanta a amalanken shanu, ya ɗauke ta cak don ba ta iya taka ƙasa. Na so in ɓuya, amma ta riga ta hango ni. Ta yafito ni, na matso ina jiran ta tona ni a gaban ubanta. Muryarta a shaƙe ta ce, "Rakiya, kin kira ni ban ji ba, ko?" Na ce, "I, na kira. Har sau uku." Ta gyaɗa kai, hankalinta ya kwanta, ta ce, "Na sani. Nisa ne. Daga can ba a jin komi." Har ta ɗaga mini hannu da amalanken ya motsa.

Da aka buɗe lakwal Mushe Lawali ya dubi bencinta ya tambaya, aka ce ta koma ƙauye. Ya ce an yi asarar kai mai kyau, ya juya ga allo. Yara suka ba shi labarin wasanmu, ban da ƙarshensa, ya ji daɗi har ya sa aka tafa mini don na riƙe ma'auni yadda yake. A jarrabawar da ta biyo baya na yi ta ɗaya, babana ya yanka kaza. Na ci, kuma ta yi mini daɗi, wannan ma ba zan ɓoye ba.

Yanzu ni ma malama ce, kuma filin sharar nan an cika shi da gidaje, ba za ka gane wurin ba. Kwanan baya autana ya kawo mini waya yana nuna mini wani wasan sararin samaniya, yana cika baki wai masu yinsa ba su yi coge ba, kowace duniya da girmanta da nisanta na gaskiya. Na karɓa na duba, na ga jirginsa ɗan ɗigo cikin baƙin fili, na tambaye shi yaya ake yi da wannan nisa haka. Ya yi mini dariya, ya ce ai ba mai zama jira, akwai inda ake dannawa. Ya danna, kafin in ƙyafta ido ya isa duniyar ƙarshe ya dawo. Mu a zamaninmu da ƙafa ake zuwa, kuma sai an kira ka kake dawowa. Na ji an ce Cima tana nan da rai, da 'ya'ya da jikoki, tana noman zogale a gonar ubanta, kuma ban sani ba ko har yau tana zaton na kira. Sau da yawa nakan yi niyya in je in faɗa mata, in na kai tasha sai in tuna da wani aiki. Daga ƙofar gidana zuwa Jiratawa ko rabin awa ba a yi a mota. Shekara talatin ke nan ban isa ba.