Kira Uku a Ƙofar Filin Kokawa

Ni ce ɗiyar fari a ɗakinmu, kuma tun da na yi wayo ban taɓa jin Inna ta faɗi sunana ba. Yaran yanzu in na gaya masu haka sai su yi dariya, su ce to da mi take kiranki? Da "ke" mana. In ina nesa ta yi gyaran murya, in ban ji ba ta ce da ƙanena, "Tahi ka ce waccan ta zo." Ko maƙwabciya ce mai irin sunana ta shigo gidan, sai Inna ta laƙaba mata wani suna don kada bakinta ya kuskure. Haka matan zamaninsu suke da ɗan fari. Kunya ce, ba ƙiyayya ba, na sani, don tsokar da ta fi kyau a miya kullum ni ake aiko wa a ɓoye. Amma ina ƙarama abin ya ci mani rai ba kaɗan ba.

Inna mutuniyar Tsibiri ce, aure ya kawo ta Jiratawa. Da Baba ya rasu na ɗauko ta ta dawo ɗakina. Shekara biyu muna lafiya, sannan ruɗewar tsufa ta fara shigarta. Ta zuba wa miya gishiri sau biyu. Ta tambaye ni ko Baba ya dawo daga garka, alhali ita ta yi mashi takaba. Rannan aka tsinto ta bakin kanal ɗin ban ruwa da ƙullin kayanta, wai za ta gida. Ga hawan jini kuma, wanda ya sa kowane wata muke da randebu, wato ranar ganin likita, a Maraɗi. Wahalar ita ce hanya. Zuwanmu na ƙarshe bisa kabu-kabu, muna tsakiyar gudu ta saki ƙuguna ta ce ita nan za ta sauka. Allah ne ya tsare, amma na rantse ba na sake ɗora ta kan babur.

Ana nan sai ga maganar kongare. Wata babbar jam'iyya za ta yi taronta na ƙasa a Maraɗi. Ba zan faɗi sunanta ba, ba zan faɗi kalar tutarta ba, don ba siyasa na zo yi ba, kuma ba su suka ɓatar mani da uwa ba, ni ce. Shugabar matan unguwarmu ta bi gida gida tana rabon zane da kallabi masu hoton jagoransu. Ta ce duk wadda ta ɗaura, akwai kamiyo, babbar motar kaya, kyauta, a kai ta a maido ta. Na duba karnen Inna, ɗan littafinta na likita, ashe ranar randebu ta faɗo daidai da ranar taron. Na ce kai, Allah ya kawo sauƙi! In karɓi zane biyu, mu hau kamiyo, mu sauka mu wuce likita, da marece mu biyo su.

Ƙanena ya ce, "Yaya, garin nan zai cika fa. Ki bari sai jibi."

Na taso mashi. Ni dama ba a gaya mani sau biyu. Na ce, "In ka damu da ita, ka aje ban ruwan zogalenka ka kai ta da kanka. Kullum ni ke fama, ku sai baki." Ya ɗauki hauyarsa ya fita. Har yau bai taɓa tuna mani da wannan magana ba, kuma da ya zage ni da ya fi mani sauƙi.

Da safe na yi wa Inna wanka na ɗaura mata sabon zanen. Ya burge ta. Ta yi ta shafa fuskar mutumin da ke jiki, can ta ce, "Wannan mijin wa ne?" Matan kamiyo suka kwashe da dariya, ita ma ta taya su. Na ƙulle mata karnen likita a gefen zane yadda na saba. Duk hanya ana waƙa ana guɗa, ita kuwa ta riƙe mani hannu gam.

Maraɗi ba baƙon gari ba ne gare ni, duk mako ina kai zogale kasuwa. Amma ran nan ban gane shi ba. Tutoci ko'ina, 'yan kabu-kabu jere jere suna ta oda kamar an biya su don su kurmantar da mutane, motocin Yamai, na Damagaram, na Tawa, makaɗa bisa a-kori-kura. 'Yan sanda sun rufe hanyar da za ta kai mu likita. Na buga wa direba ƙarfen mota na ce ya sauke mu, ya leƙo ya ce ba wurin tsayawa, kowa sai ƙofar filin kokawa, can ake taron. Can ya juye mu.

Daga nan zuwa likita da nisa, ga ƙafafun Inna a kumbure. Na zaunar da ita gindin wani itacen dogon yaro, kusa da wata mai fura. Na ce, "Inna, zan nemo adaidaita. Kada ki motsa daga nan, kin ji?" Ta ce, "To." Na ce wa mai furar don Allah ta sa mata ido, ta ce ba komai.

Adaidaita kuwa duk an yi shatarsu. Ina cikin roƙon wani sai aka ce ga manyan baƙi nan sun iso. Wayyo! Jama'a ta taso gaba ɗaya, aka tura ni nan aka tura ni can, takalmina ɗaya ya fita na tsaya nema. Kafin in kutso in dawo an ɗauki lokaci. Na tarar da itacen, ban tarar da Inna ba. Mai furar ma babu, an kore masu talla daga wurin don a buɗe wa motoci hanya.

Sai a lokacin na ga abin da na yi. Na tari wani ɗan sanda na ce tsohuwata ta ɓace, ba ta cikin hankalinta sosai. Ya ce, "Yaya take? Mi ta sa?" Na ce gajera ce, ta ɗaura zanen jam'iyya da kallabinsa. Sai ya miƙa hannu ya nuna mani filin. Mata iyakar ganin ido, zane ɗaya, kallabi ɗaya, fuskar mutumin nan ɗaya a bayan kowace. Da hannuna na ɗaura mata abin da ya sa ba mai iya gane ta.

Na shiga cikinsu kamar mahaukaciya. Duk tsohuwar da na hanga ta baya sai in dafa kafaɗarta in juyo ta. Wata ta ce Allah ya bayyana, wata ta zage ni tas, na rama, don raina a wuya yake. Na je wajen mai lasifika na ce ya yi sanarwa. Ya ce sai an gama jawabi. Na ce jawabin banza, uwata ce ta ɓace! Wani dattijo ya sa baki, aka yi sanarwar, amma ta faɗa tsakanin kirari da ganguna, ni da ke gindin lasifikar ma da ƙyar na ji. Kuma ko ta ji, mi za ta yi? Matar da wani lokaci ba ta sanin ɗakinta a cikin gida.

Wajen azahar rana ta take. Ina ta tuna ba ta sha maganinta na rana ba, ba ta ci komai ba tun kokon safe. Na zagayo ta ƙofar gabas, inda cunkoso ya fi yawa. Nan ne na ji wata tsohuwar murya, a shaƙe, can ta bayana, tana kiran sunana. Ba laƙabin da mutanen Jiratawa ke kirana da shi ba, sunana na yanka. Ta kira, ta sake kira, ta kira na uku.

Na ji. Ba zan yi wa kaina ƙarya ba, na ji sarai. Amma sunana irin wanda kowane gida ke da guda biyu ne, in ka kira shi a kasuwa mata goma za su waiwayo. Na ce a raina, Allah sarki, wata ma jikarta ta ɓace, Allah ya haɗa su. Ni ina neman tsohuwa wadda za ta zauna shiru tana jira, wadda in ta gan ni za ta ce "ke". Ban ko juya kaina ba, na ƙara kutsawa gaba.

Sai bayan la'asar, mutane sun fara raguwa, na hangi mai furar nan tana wanke ƙwaryarta bayan wani shago. Na ruga. Kafin in buɗe baki ta ce, "Ke ce wance?" Ta faɗi sunana.

Na ce, "Ina kika san sunana?"

Ta ce, "Wajen tsohuwarki. Da aka tashe mu na ja ta muka koma ƙofar gabas. Na juya in sallami wani, sai ta miƙe ta shiga mutane tana kiran sunan nan. Na kamo ta, ta ƙi zama. Ta yi ta kira har muryarta ta dushe."

Na ce, "Ba ita ba ce. Inna ba ta faɗin sunana, ni ce ta fari." Har da ɗaga mata murya, kamar ta yi mani laifi.

Ta dube ni ta ce, "Ba mai tsagen Gobirawa ba, da karne ƙulle a gefen zane? Baiwar Allah, ke kika ba ni ita da safe, ya zan manta ta?"

Na zauna nan ƙasa cikin ruwan wanke-wankenta. Ta ce wasu mata sun tsaya sun tambayi Inna daga ina take, ta ce Tsibiri. Su kuwa mutanen Tsibiri ne, kamiyonsu na farko zai koma da tsofaffi da masu goyo saboda rana. Suka ga zanensu ne jikinta, suka ce tasu ce, suka hau da ita. Mai furar ta ce masu ɗiyarta na nemanta, suka ce in ta zo a ce ta biyo su.

Na tari kabu-kabu. Duk tsawon hanyar Tsibiri kuka nake, har mai babur ɗin ya tambaye ni ko rasuwa aka yi. Na ce a'a, ja mu tafi. Rabona da gidan kakana tun ina budurwa, amma ban ɓata ba. Rana ta yi ja muka isa.

Tana nan zaune bisa tabarma a tsakar gidan ubanta. Da aka sauke su ta faɗi sunan mahaifinta daidai, har da unguwa, aka rako ta. Matar jikan wanta, wadda ba ta taɓa ganinta ba, ta ba ta kunu ta wanke mata ƙafa. Ƙafar ta ƙara kumbura, takalmi ɗaya babu. Ta ɗago ta dube ni, ta ce da wata murya kamar ta mai mura, "Ke, ina kika shige tun ɗazu?"

Na faɗa jikinta. Ban taɓa yin haka ba, ɗiyar fari ba ta rungumar uwa, amma ran nan ban kula ba. Ta ɗan ture ni tana cewa, "Mi ne ne haka, gaban mutane?" Da na samu numfashi na ce, "Inna, an ce kin yi ta kirana."

Ta ja bakin kallabin ta rufe bakinta, ta kau da kai gefe. Ta ce, "Ji mani ɗiyar nan. Ni? Wa ya gaya maki wannan magana?"

Ban san ko ta manta ne ko kunyar ce ta dawo ba. Har gobe ban sani ba.

Ta ƙara wata tara a duniya. Randebun da muka rasa, ƙanena ya samo motar wani maƙwabci muka kai ta bayan kwana uku, kuma daga nan shi ke kai mu. Ruɗewar ta yi ta ƙaruwa. Ta manta Baba, ta manta Jiratawa, ta kai har ƙanena in ya shigo sai ta ja mayafi ta ce ga baƙo. Ni ba ta manta ni ba, kuma ba ta manta cewa ba a faɗin sunana ba. Na gwada ta ba sau ɗaya ba. In ina taje mata kai sai in ce, "Inna, ni wa ce?" Ta ce, "Ke ce mana." In ce, "To mi ne sunana?" Sai ta yi murmushi ta sunkuyar da kai kamar amarya. Rannan haushi ya kama ni na ce, "Haba Inna, sau ɗaya dai! Mu biyu ne a ɗakin nan." Ta ce, "Ba ki da ta ido." Na fita bayan ɗaki na yi kukana na dawo.

Ta rasu da hantsi, farkon damina. Maganarta ta ƙarshe gare ni ita ce, "Ke, ba ni ruwa." Na ba ta.

Zanen yana nan ƙasan akwatina, nata da nawa. Jam'iyyar ma ta rabu biyu tun tuni, wanda ke jikin zanen ban san inda yake ba. Har yanzu ina kai zogale kasuwar Maraɗi, kuma abokan zamana sun san halina, suna yi mani tsiya da shi. Duk wanda ya kira sunan nan, ko daga wani layi ne, ko wata uwa ce ke kiran 'yar ƙaramar ɗiyarta, sai na bar ciniki na waiwaya. Su ce, "Ba ke ake kira ba, sarkin amsawa!" In ce masu na sani. Wadda ta kira ni sau uku ta kira, ina ji, ban juya ba.