Allurar Mayafin Jikata

Na zauna Kumasi, na zauna Khartum da Jidda, na ga mata suna ɗaura mayafi iri-iri, amma ko'ina a baki suke riƙe allurar. Jikata ta garinmu Runka, mai shekara tara, wurin yayyenta ta koya. Wata safiya tana shirin makaranta, allura tsakanin haƙora, na ce mata, "Amarya, yau ma kwalliyar tawa ce?" Ta ƙyalƙyale da dariya. Allura ta wuce.

Kafin in samo mai babur, kakarta ta riga ta ɗura mata tuwon dawa da miyar kuɓewa, manyan lomomi, wai santsi ya raka allurar. Haka ake yi mana da ƙayar kifi tun muna yara, shi ya sa ban hana ba.

Muka hau babur zuwa Safana, daga nan mota zuwa Katsina. Duk ramin da muka faɗa sai in ji kamar ni aka soka. Tsorona ɗaya: kada a tsaga cikin yarinyar nan.

Likitar da muka samu a asibiti matashiya ce. Ta duba hoton ciki, ta ce allurar tana tumbi, ana iya zura bututu a ciro ta ta baki.

"Baba, ta ci wani abu?"

"Tuwo."

"Tuwo! Da wace miya?"

"Kuɓewa."

Ta dafe kai. "Haba Baba, kun binne mini allura."

Dole a jira cikin ya sauka kafin a sa ta barci, in ji ta, kuma in allurar ta gangara hanji kafin nan, bututunsu ba zai kai gare ta ba. Daga hantsi har la'asar ina kan benci. Sai jan carbi nake ta yi.

Bututun bai fi ƙaramin yatsana kauri ba, da fitila da ɗan hantsaki a bakinsa. Na ga injuna a ƙasashe, amma abin da ya faɗo mini a rai shi ne ƙugiyar da muke ciro guga da ita a rijiya.

Allah ya taimaka, allurar ba ta gusa ba. Aka miƙo mini ita cikin 'yar kwalba.

Da yarinyar ta farka, murya a dishe, ta harare ni. "Tsoho, kai ka ja."

Yanzu kullum in za ta ɗaura mayafi, tafin hannuna take zuba wa allurorin. Ta kuma hana ni magana sai ta gama.